Sare itace ne ya kori ruwan sama, ko laifin teku ne?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk shekara in lokacin dashen itatuwa ya zo, magana ɗaya ake ji daga bakin manya: mun sare daji shi ya sa ruwa ya ɗauke, mu dasa itace ruwa zai dawo. Ina roƙon masanan da ke nan su warware mana. In aka share daji ya koma gona, ko gona ta gaji ta koma faƙo, me ke canzawa a sama? Ruwan ne ke raguwa, ko zafi ne kawai ke ƙaruwa?

Dakta Rakiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasa na taɓa iskar da ke kanta ta hanya uku. Ta farko hasken rana da take mayarwa sama. Farin rairayi tsirara na mayar da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, wurin da ke da ganye kuwa kashi 15 zuwa 20 kawai. Ta biyu ita ce inda zafin da ya rage yake tafiya: ko ya tafi wajen busar da ruwa daga ƙasa da ganye, ko ya gasa iska kai tsaye. Ta uku kaushin fili, wato yadda itatuwa da kara ke rage wa iska gudu.

A 1975, jim kaɗan bayan babban farin da ya ci Sahel a farkon shekarun 1970, wani masanin yanayi na Amurka mai suna Jule Charney ya kama ta farkon. Ya ce kiwo da sara sun tsiraita ƙasa, ƙasar ta ƙara haske, tana mayar da zafi sama maimakon ta riƙe, sai iskar da ke kanta ta riƙa saukowa maimakon hawa, kuma iska mai saukowa ba ta haɗa hadari. A lissafin kwamfutarsa ya ɗaga hasken daga kashi 14 zuwa 35, ruwa ya faɗi da kusan kashi 40. Daga nan maganar ta shiga bakin gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji, har yau ba ta fita ba.

Ɗanjuma: To ai shi ke nan, Dakta, manyan suna da gaskiya.

Dakta Rakiya: Dakata, Ɗanjuma. Tsallen da Charney ya sa a lissafi, daga 14 zuwa 35 a faɗin yanki baki ɗaya, bai taɓa faruwa a ƙasa ba. Da aka auna da tauraron ɗan'adam, canjin ya yi ƙasa da haka nesa. Sannan a 1986 Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna bin zafin ruwan teku: in tekunan kudancin duniya sun fi na arewa ɗumi, layin damina ba ya hawowa arewa sosai. A 2003 wata masaniyar yanayi, Alessandra Giannini, ta ba kwamfuta zafin teku kaɗai na shekarun da suka wuce, ba ta gaya mata an sare ko da sabara ɗaya ba, sai ga damunan albarka na shekarun 1950 da farin shekarun 1970 da 1980 sun fito. Har hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu, don ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika a wancan lokacin. Ƙasa tana ƙara wa abin ƙarfi da tsawo, amma ba ita ta kunna wutar ba.

Alhaji Mamman Maraɗi: Wannan magana ta yi daidai da abin da ke ƙasa. Ruwa ya fara dawowa cikin shekarun 1990 tun daga Senegal har Chadi, inda aka raya itace da inda ba a raya ba. Da itace ne ke kiran ruwa, da Maraɗi da Damagaram kaɗai za su samu.

Malam Habu: Ikon Allah. To maganar hamada na tahowa kilomita kaza duk shekara fa?

Malama Zainabu: Tsohuwar magana ce, Malam. Tun shekarun 1930 wani Baturen gandun daji, Stebbing, ya zagaya arewacin Najeriya da rani ya ce Sahara na gab da cinye ta. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937, suka bi iyakar Najeriya da Nijar, ba su ga hamadar da ke tafe ba. A 1975 wani masani mai suna Lamprey ya ce a Sudan tana cin kilomita 5 da rabi a shekara, amma ya kwatanta taswirar shekarun ruwa ne da abin da ya gani daga jirgin sama a ƙarshen fari. Hotunan tauraro da wani masani mai suna Tucker ya fitar a 1991 sun nuna bakin hamadar na gaba da baya ne bisa ga damina: ya gangaro kudu a 1984, ya koma arewa da ruwa ya samu. Lalacewar ƙasa gaskiya ce, tudun rairayi na Yusufari da Gure ba ƙarya ba ne. Sai dai tabo-tabo take fitowa, kewayen rijiyar shayarwa, bakin gari, gonar da aka bar hutar da ita.

Injiniya Sule: Ina tsoron kada mai karatu ya tashi da cewa itace ba shi da aiki. Mu yi lissafi. Ruwan milimita 1 a hekta ɗaya lita 10,000 ne. Fili mai ganye da danshi na iya tura milimita 4 sama a yini, lita 40,000 ke nan. Busar da kowace lita na cin megajul 2.45 na zafi (megajul ma'aunin yawan zafi ne), don haka a kowane murabba'in mita kusan megajul 10 sun tafi a busar da ruwa. Rana kuwa megajul 20 zuwa 22 take saukewa a yini a yankinmu. Kusan rabi ke nan. Aikin randar ƙasa ne: tana tsatsafo, ruwan cikinta na sanyi. A kan faƙo babu abin tsatsafowa, zafin sai ya shiga ƙasa da iska. Saman rairayi tsirara da bazara yana haura digiri 50, kuma a nan tsiron gero ke ƙonewa kafin ya yi ganye uku. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an auna ƙarƙashin gawo, an samu ƙasar ta fi ta sarari sanyi da digiri 5 zuwa 10 da tsakar rana. Wannan ba ya ƙara ko ɗigo a ma'aunin ruwan sama, amma shi ne tsakanin shuka ɗaya da sake shuka sau uku.

Ɗanjuma: Injiniya, in fili mai danshi ne ke tura ruwa sama, ke nan a kansa hadari ke haɗuwa?

Dakta Rakiya: Abin da kowa zai zata ke nan, amma aune-aune sun nuna wani abu daban. Christopher Taylor da abokansa sun bi diddigin wuraren da hadari kusan 4,000 suka fara haɗuwa a Sahel, suka fitar da sakamakon a 2011. Hadarin da ke haɗuwa da la'asar ya fi son farawa a kan busasshiyar ƙasa mai zafi wadda ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya. Dalili: iskar kan jiƙaƙƙen wuri tana da sanyi da nauyi, sai ta kwararo zuwa busasshen, ta shiga ƙarƙashin iska mai zafi ta ɗaga ta, da danshinta a tare. In faɗin facin ya kai kilomita 10 zuwa 40 abin na aiki, kuma sun ƙiyasta hadari ɗaya cikin takwas ta haka yake farawa. Gona ɗaya, ko ma gonakin ƙauye ɗaya, ba su kai girman da sama za ta ji su ba.

Malama Zainabu: Akwai misalin da ya fi kowane fitowa fili, Jazira ta Sudan, inda Hausawa da yawa suka yi noman auduga tun zamanin Turawa. An fara ban ruwa a can a 1925 da madatsar Sennar, filin ya haura hekta 800,000. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna ruwan sama ya ragu a kan filin ban ruwan kansa, don ya sanyaya iska ta daina hawa, ya kuma ƙaru a gabas wajen Gadarif. Wanda ya jiƙa ƙasa daban, wanda ya sha ruwan saman daban.

Malam Isiyaku Gashuwa: Salamu alaikum. Tunda an zo kan ruwan da ke kwance, ku sa fadamar Haɗeja da Nguru a lissafi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke malale fadamar duk kaka ta ragu, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse wani ya bushe. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabe biyu a 1973, ya sauko ƙasa da 2,000 a shekarun 1980. Mutanen bakin tafki za su ce maka zafi da ƙura sun ƙaru, kuma haka ne. Sai dai a lura, kusan kashi 90 na ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa, daga kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Ruwan saman can ne ya ragu tafkin ya janye. Ba janyewar tafkin ce ta fara kawo farin ba.

Injiniya Sule: Haka ma ƙurar hunturu. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe tun da daɗewa, iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi. Ba wanda ya sare daji a can. Ƙurar da ta shafi manomi ita ce ta gaban hadari a watan Yuni, mai bulale tsiro da rairayi ta binne shi.

Malam Habu: To ashe mu a arewa ba mu da hannu a ruwanmu ko kaɗan?

Dakta Rakiya: Akwai hannu, amma babban hannun yana kudu. Danshin daminarmu daga Tekun Gini yake tasowa, yana ratsa kurmi kafin ya iso mu, kurmin kuma na sake cika iskar da danshi a hanya. Masana biyu, Zheng da Eltahir na jami'ar MIT ta Amurka, sun gwada abu biyu a kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990: tsiraita bakin hamada, da share kurmin gaɓar teku. Na farko bai taɓa damina sosai ba, na biyu ya raunana ta ƙwarai. Gwajin kwamfuta ne, a riƙe shi a haka, amma yana nuna cewa gonar koko da ta ci kurmi a Kwaddibuwa da Gana da kudancin Najeriya ta shafi mai gero a Katsina fiye da yadda yake zato. Su ma can ba su tsira ba. Binciken 2022 ya nuna inda aka share kurmi kusa da teku, manyan hadura sun ninka cikin kusan shekara 30, saboda filin da aka share ya fi zafi, iskar teku na shigowa da ƙarfi. Biranen gaɓa irin Freetown, inda zaftarewar tudu ta kashe fiye da mutum 1,000 a 2017, su ke kwasar wannan.

Ɗanjuma: Wato share daji na iya ƙara ruwa ma?

Dakta Rakiya: Yana iya ƙara ruwa mai duka a gefen wurin da aka share. Ruwa mai duka ba shi ne ruwan noma ba.

Alhaji Mamman Maraɗi: Nan ne gizo ke saƙar. A kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, an share daji an yi gonaki, ruwan sama ya ragu, amma ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Ƙasar da aka tsiraita ta yi ɓawo, ruwa ba ya shiga, sai ya gudu ta kwazazzabai ya taru a tabkuna, daga nan ya tsiyaya ƙasa. Itatuwa masu dogon saiwa da ke shan sa kuma babu su. Gona na ƙishirwa, kwari na cika. Shi ya sa jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke zubawa cikin Kwara a Agusta da Satumba yanzu yake haura ruwan da ke zuwa daga Gini da sanyi, ambaliyar Yamai ta 2012 da ta 2020 shaida ce. Ƙara da cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka uku tun 1982, saboda Sahara na ƙara zafi. Ruwan na zuwa da yawa a sa'a ɗaya, sai kwana 15 babu ɗigo. Wanda ƙasarsa ke shan ruwa shi ya ci daminar.

Malam Habu: Alhaji, sai ka ba mu yadda ake yi. Ana ta faɗin sassaben zamani, ba a faɗin matakansa.

Alhaji Mamman Maraɗi: Ba dashe ba ne, rainon abin da ke gonar ne. Tony Rinaudo ya fara yaɗa shi a yankin Maraɗi a 1983 bayan dashe ya yi ta mutuwa. Kututturen kalgo, sabara, magarya, aduwa, ƙirya, duk suna da rai a ƙasa da saiwarsu, duk shekara suna toho, manomi na sassabewa yana ƙonewa. Lokacin sharar gona sai ka zagaya ka zaɓi kututturen da za ka bari. Mai farawa ya bar 40 zuwa 50 a hekta, a warwatse. A kowane kututture ka bar toho 3 zuwa 5 mafi miƙewa da ƙarfi, ka cire sauran. Ka datse rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon, kada ka wuce, in ka aske shi duka iska za ta karya shi ko akuya ta lanƙwasa. Adda ta kasance da kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama, don in ka saro daga sama ɓawon ke ɗayewa, ruɓa ta shiga. Ka koma duk wata 2 zuwa 6 ka cire sabon toho. Daga shekara ta biyu kana iya yanke ɗaya cikin biyar ɗin don itacen girki, ka bar wani ya maye.

Gawo shi ne sarki, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su taru ƙarƙashinsa su bar taki. Ƙaramin gawo sai an kafa masa alama, ko ɗan ƙyalle, in ba haka ba ɗan ƙwadago zai tafi da shi da hauya. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya.

Abin da ke kashe shi ba fasaha ba ce. In mutum ɗaya ya yi a gari, masu saran dare za su gama da shi. In doka ta ce itacen na gwamnati ne, sai an biya tara kafin a taɓa reshe, manomi zai kashe tohon tun yana ƙarami don kada ya jawo wa kansa ma'aikacin gandun daji. Nijar ta fitar da doka a 2020 da ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya raina. Sai kuma a zauna da makiyaya a kan burtali da sassakar ganye tun kafin kaka.

Malama Zainabu: Wannan na aiki ne inda kututture ke da rai. A kan faƙo sai tassa. Rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar mita ɗaya, wajen rami 10,000 ke nan a hekta. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a gefen gangare, kada a sa ta ta sama ta tare ruwan da ake so ya shigo. Taki hannu biyu a kowane rami, kusan tan 3 a hekta, a zuba tun da rani don gara ta shigo ta huda ƙasar. Kurakuran da ake yi: ɗanyen taki yana ƙona tsiro, a jigawa mai rairayi ramin cikewa yake da iskar farko, a ƙasar laka kuma ruwa na kwanciya ya ruɓar da shuka. A Illela da Badagishiri ta jihar Tawa har sayen faƙo aka riƙa yi don a farfaɗo da shi.

Injiniya Sule: Ƙari a kan iska. Katangar itatuwa na kare fili ninki 10 zuwa 15 na tsawonta a bayan iska, don haka layi mai tsawon mita 10 zai rufe mita 100 zuwa 150, sai a sa wani layin. Kada ta toshe gaba ɗaya, a bar kusan rabin iska na ratsawa, in ta zama bango iskar na tsallakewa ta faɗo da juyi. Giɓi ɗaya a tsakiya ya fi rashin katangar muni, nan iska ke matsewa ta ƙwaƙule ƙasa. A kwarin Majiya na Nijar an yi layukan darbejiya tun 1975, sun yi aiki, amma layin amfanin gona na kusa da su na shan wahala, sai an riƙa datse kai da yanke saiwar gefe. Itacen turare kuwa kada a kai shi bakin fadama ko kusa da rijiya. Kara ma a bar shi kwance: a Sadore tan 2 a hekta ya rage rairayin da iska ke kwasa sosai, kilo 500 bai yi wani abin kirki ba.

Malam Isiyaku Gashuwa: Injiniya, tan 2 na kara a watan Afrilu? Ana sayar da shi dami-dami, ana dafa abinci da shi, ana danni da shi. Wa zai bar kuɗi a kwance gara ta ci?

Injiniya Sule: Gaskiyarka, Malam. Shi ya sa tsarin ke farawa daga itacen. Sai reshen kalgo ya shiga murhu, 'ya'yan gawo sun shiga bakin tumaki, sannan kara ke samun damar kwana a gona.

Ɗanjuma: Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka fa? An ce kilomita 8,000 daga Dakar zuwa Jibuti.

Malama Zainabu: Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, da faɗin kilomita 15 a tsarin farko, jihohi 11 na Najeriya na ciki. Masu shirin da kansu sun bar zancen layi ɗaya sun koma gyaran ƙasa faci-faci, don dashen da ba mai shi ba ya kai rani na biyu. A auna ta da yawan itacen da ya rayu shekara uku da buhun da gona ta ƙara. In aka yi wa jama'a alkawarin ruwan sama, farin farko da ya zo za su ce an yaudare su.

Malam Habu: Tambaya ta ƙarshe. In ƙungiyar gari na son ta gani da idonta ko wani abu na canzawa, me za ta auna?

Dakta Rakiya: Ma'aunin ruwa a sarari, nesa da itace ko gini aƙalla ninki biyu na tsawonsu, bakinsa a daidaice, a karanta kullum da safe a lokaci ɗaya, a rubuta har ranar da ba a yi ruwa ba. Ma'aunin zafi a inuwa mai shan iska, mita 1 da rabi daga ƙasa, ba a jikin bango ko ƙarƙashin kwano ba. Zurfin rijiya sau biyu, ƙarshen bazara da ƙarshen damina. Ƙirgen itatuwa a gonaki goma da aka zaɓa, hoto daga wuri ɗaya a wata ɗaya duk shekara. Amma kada a kwatanta ruwan garinku da na maƙwabta a ce itace ne. A 1992 kusa da Yamai an samu bambancin da ya haura milimita 200 a damina ɗaya tsakanin ma'aunai biyu da ba su wuce kilomita 10 da juna ba. Ruwan sama sai an tara shekara 30 ake yanke masa hukunci. Zafin ƙasa da yawan sake shuka kuwa za ku ga bambancinsu cikin shekara uku zuwa biyar.

Malam Isiyaku Gashuwa: A ƙara da ranar da tabkin gari ya cika da ranar da ya ƙafe. In yana cika da wuri da jan ruwa yana kuma cikewa da yashi, gonakin sama ne ke zubar da ƙasarsu, a hau can a fara jera duwatsu a kan gangare kafin a kawo motar yashe tabkin.